DOKAR DA BA TA ZUWA SAI BAYAN JANA'IZA



Duk wanda ya san ƙasar Gobir ya san cewa da zarar an kawar da amfanin gona, iskar hunturu ta fara kaɗawa, to sai tasha ta cika. Samari daga Sabon Birni da Isa da Gatawa da Unguwar Lalle da Turba da Bafarawa sai su ɗaure 'yan komatsansu a buhu, su yi sallama da iyaye, su kama hanyar cin rani. Wani ramin zinari zai nufa a Zamfara ko jihar Neja, wani ya tsallaka iyaka zuwa Maraɗi, wani kuma Kano ko Legas, ya yi dako, ko leburancin gini, ko ya tsaya gaban injin wani kamfani dare da rana. Cin rani tsohuwar al'ada ce a wannan yanki. Abin da ya canja shi ne, tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka, suka hana noma, suka ɗora wa talakawa haraji, tafiyar da a da ake yi don neman ƙari ta koma tafiyar neman abin da za a sa a baki. Ita kanta hanyar ba ta tsira ba. Har yanzu mutanen yankin ba su manta da watan Disamba na 2021 ba, lokacin da aka tare motar matafiya kusa da Gidan Bawa aka cinna mata wuta, hukuma da bakinta ta ce mutum 23 ne suka rasu.

To amma akwai wata mutuwar da ba a cika maganarta ba, saboda ita ba ta da ƙarar bindiga. Ita ce ta saurayin da ya tsallake 'yan bindiga lafiya, ya isa wajen aiki, sannan rami ya rufta masa, ko inji ya cinye masa hannu, ko ƙurar dutse ta cinye masa huhu ya dawo gida yana tari har ya cika. Idan aka kawo labari, sai a yi zaman makoki, a ce kwana ya ƙare, shi ke nan. Iyaye da 'yan uwa kuwa suna nan da tambayar da ke cin ransu: shin babu dokar da ta tilasta wa mai aiki ya kare ran wanda ke masa aiki? In akwai, tana ina? Me ya sa ba a ganin gwamnati sai bayan an binne mutane?

Amsar ita ce akwai dokoki, har da yawa. Sai dai an ɗinka su ne ba da awon talaka ba, kuma ba a tuna da su sai bayan jana'iza.

ABIN DA KE RUBUCE A TAKARDA

Tsarin mulkin 1999, a sashe na 17, ya ce wajibi ne gwamnati ta tsara manufofinta ta yadda za a kiyaye lafiya da tsaro da jin daɗin duk wanda ke aiki. Magana mai daɗin ji. Amma wannan sashe yana cikin babi na biyu ne, kuma sashe na 6 na wannan tsarin mulkin dai ya hana kotu ta tuhumi gwamnati a kan ko ta cika abin da ke cikin wannan babi ko ba ta cika ba. Wato an ba da da hannun dama, an karɓe da na hagu.

Sai Dokar Masana'antu, wadda gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta kafa a 1987. Ta yi umarni a yi wa kowace masana'anta rajista, a killace injuna masu haɗari, a samar da iska da haske da ruwan sha da akwatin taimakon gaggawa da hanyar tsira in gobara ta tashi. Ta ce duk haɗarin da ya kashe ma'aikaci, ko ya kwantar da shi sama da kwana uku, dole a sanar da sufeton masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. To mene ne hukuncin mai masana'antar da ya saɓa wa dokar har wani ya mutu ko ya nakasa? Tarar da ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko duka biyun. A 1987, lokacin da dala ɗaya take wajen naira huɗu, wannan tara ta fi dala dubu. A 2024, da dala ta haura naira 1,500, tarar ba ta kai dala huɗu ba. A wannan shekarar ce kuma aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Subhanallah! Ran ɗan Adam a idon wannan doka bai kai kuɗin ɗan akuya ba. Wane mai kamfani ne zai kashe miliyoyi wajen gyara inji alhali ya san tarar ba ta kai kuɗin man motarsa na yini ɗaya ba?

Ba kuma don mahukunta ba su sani ba ne. Nijeriya ta rattaba hannu a kan yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 155 kan lafiyar ma'aikata tun 1994, ta ƙara da mai lamba 187 a 2022. A 2012 Majalisar Dattawa ta zartar da wani ƙudiri da zai maye gurbin tsohuwar dokar, amma bai zama doka ba, aka shiga 2025 ana nan da ta 1987. A watan Satumba na 2002 gobara ta tashi a wata masana'antar roba a Ikorodu ta jihar Legas, gomman ma'aikatan dare suka ƙone, rahotanni suka ce an kulle ƙofofi ne. Shekara goma sha takwas bayan haka, a watan Yuni na 2020, 'yan sanda suka fito da ma'aikata sama da ɗari daga wani kamfanin casar shinkafa a Challawa ta Kano, inda aka tsare su tsawon watanni a lokacin kullen korona. Idan haka ake yi a kamfanonin da ke da rajista da allon suna a bakin titi, ina ga ramin da ke tsakiyar daji?

INDA DOKAR BA TA KAI BA

Babbar matsalar ma ita ce mafi yawan samarin Gobir ba a masana'anta suke aiki ba. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 da 2024 sun nuna sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Nijeriya suna aiki ne a wuraren da babu takardar ɗauka, babu albashin banki, babu sunansu a littafin kowace hukuma. Ɗan ga-ruwa, ɗan dako, mai feshin maganin ciyawa a fadamun gulbin Rima ba takunkumi ba safar hannu, mai haƙar rijiya, mai tuƙa jirgin fito, mai shiga rami da fitila a goshi da igiya a ƙugu, duk ba su taɓa ganin sufeto ba, shi ma bai san da zamansu ba.

A dubi abin da ya faru a maƙwabciyar Gobir. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa yara na mutuwa kamar kiyashi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da Abare da Yargalma da Bagega. Da aka bincika sai aka tarar duwatsun zinarin da ake kawowa gida cike suke da dalma. Ana niƙa su da injin niƙan hatsi, ana daka su a turmi a tsakar gida, ƙurar ta baɗe ƙasa da abinci, yara su yi rarrafe a kai su kai hannu baki. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai suka kamu, waɗansu gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa har abada. Iyayensu ba mugunta suka yi ba, babu wanda ya taɓa gaya musu cewa ƙurar guba ce. Dokar Ma'adinai ta 2007 kuwa tana nan a lokacin, da sashen sufetocin ma'adinai, da alkawarin koyar da ƙananan mahaƙa in sun haɗu a ƙungiya. Garin Bagega sai da ya jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa. Shekara biyu bayan haka, a 2015, irin wannan guba ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. An ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma ban da mahukuntan ƙasar nan.

A tsallaken iyaka ma kanwar ja ce. Ranar 7 ga Nuwamba 2021 ramukan zinari suka rufta a Garin Liman kusa da Ɗan Isa a jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu, a wurin da dubban samari daga ɓangarorin iyaka biyu suka yi wa tsinke cikin 'yan watanni. Me hukuma ta yi? Ta ba da umarnin rufe wurin. A watan Yuni na 2024 wani ramin ya rufta da mutane da dama a Galkogo ta ƙaramar hukumar Shiroro bayan ruwan sama mai yawa. A watan Agusta na 2025 jirgin ruwa ɗauke da mutane sama da 50 da ke kan hanyar kasuwar Goronyo ya kife. Kowane lokaci tsarin ɗaya ne: jami'ai su zo da motoci, a yi jaje, a kafa kwamiti, a sanar da haramci, sannan a watse.

ME YA SA TALAKA KE TSORON DOKA?

A nan ne ya kamata a yi wa talakawa adalci. Sau da yawa 'yan boko kan ce ai mutanen karkara ne ba sa son doka, da sun hangi jami'i sai su ɓuya. Gaskiya ne suna ɓuya, amma ina dalili? Dalilin shi ne fuska biyu kawai suka san doka da ita: ko ta zo da rasit, ko ta zo da kwaɗo. Ko a karɓi na goro a bar rami yadda yake, ko a rufe wurin a kori kowa. A watan Afrilu na 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, ba a ɗage haramcin ba sai a Disamba na 2024. A tsawon waɗannan shekaru biyar ba a daina haƙa ba. Komawa ɓoye aka yi, zuwa inda likita ba ya zuwa, inda mai bindiga ne ke yanke hukunci, inda in rami ya rufta ba mai iya kai rahoto don kada a kama shi. Wanda yunwa ta koro daga Gatawa ba sanarwar rediyo ce za ta mai da shi gida ba.

Alhali kuwa an gwada wata hanyar kuma ta yi aiki. Bayan bala'in dalma, ma'aikatan lafiya sun zauna da mahaƙa, suka nuna musu a fitar da niƙa daga cikin gari, a riƙa fesa ruwa a kan dutse lokacin niƙa don kada ƙura ta tashi, a yi wanka a canja tufafi kafin a shiga gida. Da aka auna, ƙurar dalma a iska ta ragu ƙwarai, gubar da ke cikin jinin mahaƙan ma ta ragu. Ba a kori kowa ba, ba a hana kowa neman abincinsa ba. Wannan shi ne irin dokar da talaka ke nema: wadda za ta zo tun kafin haɗari, da ilimi da kayan aiki, ta kama mai ramin da ya ƙi tokare raminsa, ta bar lebura ya ci guminsa.

ƘADDARA BA TA WANKE MAI SAKACI

Akwai kuma wata kalma da masu ramuka da 'yan kwangila suka mayar garkuwa. Da an yi rashi sai su ce ƙaddara ce, su aiko da buhun shinkafa da 'yan kuɗin likkafani. Babu musulmin da ke musun ƙaddara. Amma malaman fiƙihu da suka fi kowa imani da ita su ne suka rubuta babin lamuni da babin diyya. Su ne suka ce wanda ya haƙa rami a kan hanyar jama'a wani ya faɗa, to yana da alhaki. Su ne suka ce wanda katangarsa ta karkata, aka gargaɗe shi ya ƙi gyarawa har ta faɗa wa wani, to zai biya. Littattafan hisba na da sun ɗora wa muhtasibi aikin hana masu jirage yin lodin da ya wuce kima. Saboda haka mai ramin da yaransa suka ce masa bango ya tsage ya ce su shiga haka nan, ko mai jirgin da ya ɗauki mutum 50 a jirgin mutum 20, ba shi da mafaka a addini. Haka shi ma saurayin da aka ba shi hular kwano ko rigar ruwa ya ajiye don kada abokai su ce matsoraci ne, ya sani ransa amana ce a hannunsa, kuma akwai tsohuwa a gida da ke jiran aikensa.

DARASI DAGA MAGAMI

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar aron misali daga Ingila ko Amurka kan yadda ake kai kukan talakawa gaban mai mulki. Kangon Alƙalawa yana nan a gefen gulbin Rima, birnin da Sarkin Gobir Babari ya kafa a ƙarni na 18, wanda masu tarihi ke cewa ya samo sunansa ne daga gonakin alƙalin Zamfara. Wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar Idi, ya raba musu kyaututtuka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abubuwa biyar a madadinta, cikinsu har da a saki waɗanda ke tsare, a kuma sassauta wa talakawa haraji, Bawa ya amince. Shekara ashirin bayan haka, a 1808, birnin Alƙalawa ya faɗi a zamanin Yunfa.

Abin lura a nan shi ne Shehu bai je da ƙorafi a dunƙule ba. Ya je da bukatu ƙidayayyu, ya faɗe su a gaban jama'a, kuma bai yarda a musanya masa su da kyauta ba. Yau kuwa ɗan majalisa kan zo gari da buhunan shinkafa da babura da atamfa, a yi masa kirari, ya koma Abuja ba wanda ya tambaye shi ko sau nawa ya buɗe baki a kan rayukan 'yan cin rani. Ya kamata samari su san cewa a tsarin mulkin 1999 sha'anin ƙwadago da lafiyar ma'aikata da na ma'adinai duk suna cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka. Ke nan ba kansila ba, ba ciyaman ba, ba ma majalisar jiha da ke Sakkwato ba. Masu alhakin su ne ɗan majalisar wakilai na mazaɓar Isa da Sabon Birni da sanatan Sakkwato ta Gabas. Majalisar kuwa tana da kwamitin karɓar koke-koken jama'a, kuma ta hannun wakilin mazaɓa ake gabatar da koken.

To ga bukatu biyar da suka cancanci a rubuta, a sa hannu, a miƙa musu a bainar jama'a. Na farko, a maye gurbin dokar 1987 da wadda za ta bi ma'aikaci duk inda yake aiki, rami ne ko gona ko gini ko jirgi. Na biyu, a ɗaga tara da hukunci ta yadda gyara zai fi kisa araha. Na uku, a samar da sufetoci masu zuwa karkara, masu jin Hausa, a kuma riƙa bayyana wa jama'a wuraren da suka duba da abin da suka gani. Na huɗu, a sauƙaƙa wa ƙananan mahaƙa rajistar ƙungiya da lasisi a kusa da su, tare da horo da kayan kariya, maimakon haramcin da ke tura su hannun 'yan bindiga. Na biyar, a sa asibitocin Isa da Sabon Birni su iya gwajin gubar dalma da duba huhun waɗanda suka dawo daga ramuka.

HAKKIN DA AKE DA SHI TUN YANZU

Kafin wannan ya samu, akwai hakkin da doka ta riga ta bayar wanda mafi yawan lebura bai sani ba. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin albashin ma'aikatansa a asusun hukumar NSITF, daga nan ake biyan wanda ya ji rauni ko ya kamu da ciwo saboda aiki, ko magadan wanda ya rasu. Kuma dokar ta fassara ma'aikaci har da wanda aka ɗauka da baki ba takarda, da na wucin gadi, da ɗan koyo. Sai dai tana da wa'adi: a sanar da mai aiki cikin kwana 14, a kuma shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. In mai aiki ya yi taurin kai, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Sakkwato.

Saboda haka duk ayarin da zai tafi cin rani ya naɗa shugaba, ya rubuta sunayen 'yan ayari da na mai aiki da wurin aikin, a bar kwafi a gida. In haɗari ya auku a riƙe takardar asibiti, a riƙe shaidu, a rubuta rana. Kada a shiga rami bayan ruwan sama, kada a kunna janareta ko injin ban ruwa a cikin rami don hayaƙinsa na kisa ba tare da an ji ba, kada a ƙona zaiba a ɗaki, kada a kawo dutsen zinari ko tufafin aiki inda yara ke wasa. In ɗaya ya ga tsaga a bango ya ce ba zai shiga ba, to sauran su tsaya tare da shi, domin mai rami na iya korar mutum ɗaya amma ba ya iya korar ayari. Tsintsiya ɗaya ba ta shara. Limamai da malaman zaure su ma suna da rabonsu, don kuwa wa'azin kare rai a lokacin da ayari ke shirin tashi ya fi wa'azin haƙuri a wajen zaman makoki.

Damina za ta wuce, tasha za ta sake cika, samarin Gobir za su sake ɗaure buhunansu. Wanda ya nemi ƙuri'arsu da sunan zai wakilce su, to ya sani cewa kowane ɗayansu da rami ya binne saboda dokar da ya ƙi gyarawa, akwai ranar da za a tambaye shi, a gaban Alƙalin da ba a yi masa gaisuwa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a wajen neman halal, Ya ba iyalansu haƙuri, Ya kiyaye na raye, Ya dawo da 'yan cin rani gida lafiya.